Amsa ga mai shagon ɗinkin da telolinsa ke guduwa bayan Sallah

Malam, ka ce kana tallata shagonka a Facebook da WhatsApp, kwastomomi na zuwa, amma ƙwararrun teloli ba sa zama, da an gama Sallah sai su watse. To, a ganina tallar taka ce ta tsaya rabi.

Telan da ya iya aiki shi ma yana leƙa hotunan da kake ɗorawa, sai dai abin da yake dubawa daban ne. In ka ɗora babbar riga, rubuta sunan wanda ya yi mata aikin wuya. Ba ka rasa komai ba, shi kuwa zai nuna wa abokansa, su ne ma'aikatanka na gobe. Ni haka yara biyu suka zo mini daga Fagge, ban nemi kowa ba.

Amma fa talla ba ta rufe hali. Teloli sun san wane maigida ke biya ranar Alhamis ba ja-in-ja, wa ke tayar da janareta in an ɗauke wuta, wa ke zagin yaro a gaban kwastoma. Tun da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, kowa da shi yake auna abin da yake samu a wata, ko da kuɗin riga-riga ake ba shi.

Bayan Sallah kuwa aiki ne ke yankewa. Nemi ɗinkin yunifom na makarantun unguwa kafin Satumba, ka sanar da yaranka tun cikin azumi.