An yi wa maigidana dashen hanta, me ya dawo da ciwon hanta na C?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ciwon hanta nau'in C ya lalata hantar maigidana, aka yi masa dashe a Indiya, ƙanensa ne ya ba shi. Wata 3 da dawowarmu, gwaji ya nuna ƙwayar cutar na nan a jininsa, har ta fi ta da yawa. Dashen bai yi ba ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara masa lafiya, ya saka wa ƙanen nasa da alheri. Ki kwantar da hankalinki, wannan sakamakon ba ya nufin dashen ya lalace.

Tiyata tana cire hantar da ta lalace ne kawai, ba ta wanke jini. Duk wanda aka shiga da shi ɗakin tiyata da ƙwayar cutar a jininsa, kusan tabbas ne za ta kama sabuwar hantar, kuma tun a kwanakin farko take fara hayayyafa. Abin da ya sa ta fi da yawa kuwa magungunan da yake sha ne, irin su tacrolimus, masu danne garkuwar jiki don kada ta ƙi baƙuwar hantar. Garkuwa ta yi sanyi, ƙwayar ta samu fili.

Inda nake so ki sa lura shi ne saurin ɓarnar. Mai hantarsa ta haihuwa yakan yi shekara 20 zuwa 30 kafin ta cika da tabo ta taurare. Bayan dashe kuwa, kafin zuwan sababbin magunguna, mutum 2 zuwa 3 cikin 10 sukan kai wannan matakin cikin shekara 5 kacal. Wasu ƙalilan ma tun shekarar farko take zo musu da zafi: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ga ƙaiƙayi. Idan kin ga haka, asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙa maganin shawara. Sassaƙe da saiwa ba na mai dashen hanta ba ne.

Alhamdulillahi, zamani ya sauya tun fitowar maganin sofosbuvir a 2013. Yanzu ƙwayoyi ne na haɗiya, galibi mako 12, ana haɗa sofosbuvir da velpatasvir ko daclatasvir, kuma fiye da 9 cikin 10 na masu dashe suna warkewa sarai. A ganina babu dalilin jinkiri idan jikinsa ya daidaita.

Sai dai likitan hanta ne zai zaɓa masa, ba mai kemis ba. Ki kai duk magungunansa a leda a duba, domin rifampicin na tarin fuka da wasu magungunan farfaɗiya suna karya ƙarfin maganin, amiodarone kuma, maganin daidaita bugun zuciya, idan ya haɗu da sofosbuvir yana iya rage bugun zuciya. A riƙa auna tacrolimus a jini, don idan hanta ta farfaɗo takan ƙone shi da sauri, ya yi ƙasa. A gwada shi nau'in B tukuna, saboda yakan farka a lokacin shan maganin C. Kuma kada ya rage maganin garkuwa da kansa.

Tabbacin warkewa gwajin PCR ne, mai gano ƙwayar cutar kanta a jini, mako 12 bayan gama magani. Ƙaramin gwajin nan na ɗigon jini zai ci gaba da nuna alamar cutar ko ya warke, kada ya tayar miki da hankali. Nau'in C ba shi da allurar rigakafi kuma ana sake kamuwa, don haka ya mallaki askarsa da rezarsa, ko wajen wanzami ya tafi da nasa.