Tambaya da Amsa: Mutum Zai Iya Komawa Jiya?

Tambaya: Malam, gardama ta kaure tsakanina da abokina. Ya ce kimiyya ta yarda mutum zai iya komawa zamanin da ya wuce. Na ce to in ya koma ya hana kakansa auren kakarsa, wa zai haifi uban mai komawar? A raba mu. Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya.

Amsa: Ɗana, tsallakawa zuwa zamanin gaba ba ta da gardama. Tun 1905 masanin kimiyya Albert Einstein ya nuna cewa agogon abin da ke tsananin gudu yana jinkiri, a 1915 ya ƙara da cewa ƙarfin jan duniya ma yana rage wa lokaci sauri. Taurarin ɗan Adam na GPS, waɗanda wayarka ke tambaya in ka ɓace tsakanin Kwangila da PZ, agogonsu kan wuce namu da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kullum, don suna can sama inda jan duniya ya yi rauni. Da ba a gyarawa, taswirar za ta kauce da wajen kilomita 10 a yini ɗaya.

Komawa baya ce ke da wuya. A 1949 masanin lissafi Kurt Gödel ya gano cewa lissafin Einstein ya bar wata hanya da ke zagayowa jiya, amma sai in sararin samaniya kacokan yana juyawa, kuma ba a ga alamar haka ba. A takarda dai abokinka bai yi ƙarya ba.

Kan batun kakanka, masanin Rasha Igor Novikov ya ce za ka iya zuwa, amma ba za ka sauya komai ba. Ka nufi cikin birni don ɓata ɗaurin auren, kekenka ya yi faci a Ƙofar Doka, kafin ka isa an shafa fatiha an raba goro. Wataƙila ma kai ne baƙon da kakarka ke cewa ya zo a makare. Wasu kuma sun ce tarihi ne zai rabu biyu, ka hana auren a wata duniyar, taka tana nan yadda take. Wannan bai kwanta mini ba, don babu yadda za a gwada shi.

Ni ina bayan masanin kimiyya Stephen Hawking, wanda a 1992 ya yi hasashen cewa dokokin halitta da kansu za su toshe hanyar. A 2009 ya shirya wa matafiya daga gobe walima a Kambirij ta Ingila, bai fitar da katin gayyata ba sai da aka tashi. Ko mutum ɗaya bai zo ba.