Ki fara auna falo da matakalar bene kafin ki je neman dainin

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya da dare na ga tambayarki, kin ce kun samu gida ɗaki biyu da falo a Idi-Araba nan Legas, hawa na biyu, kina son dainin, wato teburin cin abinci, mai kujera shida amma kin rasa wanne za ki ɗauka tsakanin na gilas da na mabul da na katako, kuma ko ki sayi haɗaɗɗe ko ki ba kafinta. Allah ya sanya alheri ya sa ku shiga a sa'a. Ni shekarata 14 a Agege kuma dainin uku na yi a garin nan, to bari in gaya miki abin da na gani da idona.

Don Allah kar ki taka kasuwa sai kin ɗauki tef kin auna wurin da za ki ajiye shi. Mai kujera shida yawanci ƙafa 6 ne tsawonsa, faɗi ƙafa 3. Amma ai ba teburin kaɗai ke cin wuri ba, kujera sai an ja ta baya kafin mutum ya zauna, kina buƙatar wajen ƙafa 3 tsakanin bakin tebur da bango ta duk inda za a zauna, kin ga kenan lissafin ya kai ƙafa 12 da 9, kuma falon gidajen hayar Legas kin san yadda suke, balle in kin riga kin zuba kujerun falo da abin ɗora talabijin. Ki samu tabarma ko kwali mai wannan girman ki shimfiɗa a wurin ki bar shi kwana biyu, ki ga ko za ki iya wucewa kicin da tire a hannu ba tare da kin karkace ba.

Sannan ki auna ƙofar shiga da kwanar matakalar bene. Wannan ne ya ci ni a dainin ɗina na farko a 2013, mai saman mabul, maza huɗu suka ɗauko shi da ƙyar, a kwanar bene gefe ɗaya ya bugi bango ya ɓalle tun ban ci abinci a kansa ko sau ɗaya ba, wallahi ranar sai da na yi kuka. Mabul yana da kyau ba ƙarya, amma nauyi gare shi, kuma mu da ke haya yau kana nan gobe mai gida ya ƙara kuɗi ka tashi, duk tashi sai an sake wannan wahalar. Kuma yana shan abu, miyar manja in ta zuba ba a goge nan take ba sai ta bar tabo, lemon tsami kuma yana cinye ƙyallinsa.

Na biyu shi ne darasin da ya fi min zafi. Na ga wani mai sheƙi a shago, da sauƙin kuɗi, ashe MDF ne, garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai kalar itace. A Kano ko Katsina irin wannan zai iya jimawa saboda iskar can busasshiya ce, amma Legas gari ne na danshi, damina ta fara tun wajen Afrilu ta tafi har Yuli, ta ɗan sarara, ta dawo Satumba da Oktoba, bango ma sai ki ji shi da sanyi. Damina biyu kawai ya yi, ƙafafun suka fara kumbura daga ƙasa inda ruwan mofin ke taɓawa, ledar ta fara ɗagowa ta gefe, ƙarƙashinsa ya yi fumfuna yana wari, kuma shi MDF in ya kumbura ba ya komawa, sukurun ma ba ya sake kamawa. Babu kafintan da zai gyara miki shi.

Wanda nake da shi yanzu tun 2019 na katakon iroko ne, kafinta muka ba, kuma har yau ko girgiza ba ya yi. Maigidana da kansa ya bi kafintan suka je Oko Baba a Ebute Metta suka zaɓo katakon, akwai kuma kasuwar katako ta Amu a Mushin wadda ta fi kusa da ku. Iroko yana da nauyi, yana jure danshi, gara ba ta cika samunsa ba. Mahogani ma yana da kyau. Wanda za ki guda shi ne obeche, fari ne marar nauyi mai laushi, ƙwari na son shi, kuma in aka shafe shi da fenti mai duhu ba za ki gane ba sai kin ɗaga kin ji ba nauyi. Babban abu kuma katakon ya zama busasshe, don ko iroko ne in ɗanye aka yi aiki da shi zai lanƙwashe ya tsage bayan wata kaɗan. Ki ce wa kafinta kina son ganin aikin kafin ya yi fenti, ki ce a yi ƙafafun da noti yadda za a kwance su ranar tashi, kuma kar ki ba da kuɗin duka, kafin alƙalami kawai, sauran sai an kawo an haɗa a falonki.

In haɗaɗɗe kike so to Alaba International da ke Ojo akwai ɓangaren kayan ɗaki, za ki ga kala kala. Ki tafi da wanda ya san katako, kar ki bi yaran da ke tare mutane a bakin kasuwa don nasu kason a kan kuɗinki zai hau. Ki durƙusa ki leƙa ƙarƙashin teburin, nan ne ba a yi wa kwalliya, in kin ga ƙananan huji ko wani gari gari yana zuba to ƙwari ne a ciki. Kuma tun wurin ciniki a tsayar da magana waye zai biya mota, waye zai biya masu hawa da shi bene, har da ƴan agbero, wato ƴan tasha masu karɓar kuɗi, da za su iya tare motar a hanya. Na Instagram da shafin saye da sayarwa na Jiji kuwa kar ki tura ko sisi sai kin je kin taɓa da hannunki.

Gilas ni ba na ba mai ƙananan yara shawara. In dole ne sai mai kauri irin wanda aka gasa, shi in ya fashe dagargajewa yake yi ƙanana ƙanana ba ya zama kamar wuƙa, kuma ki kula da ƙafafun ƙarfe, iskar garin nan tsatsa take sa su.

Kujeru su ne ke fara mutuwa kafin tebur, ki zauna a kan kowacce ki jijjiga. Tsayin tebur wajen santimita 75 ne, mazaunin kujera 45, in suka saɓa da yawa cin abinci ba daɗi. Ledar nan mai kama da fata zafi yana sa ta ɓarewa, yadi mai haske kuma hannun miyar yara zai gama da shi, ni mazaunin katako na yi na ɗinka musu filo da ake cirewa a wanke.

Kuma ki tambayi kanki sau nawa za ku zauna ku shida. Mu har yau tuwon dare a ƙasa muke ci kan leda, haka buɗa baki da azumi, teburin ya fi aiki wajen karin safe da aikin makarantar yara da in an yi baƙi. In ku huɗu ne ko ƙasa da haka, mai kujera huɗu da benci ɗaya da za a tura ƙarƙashi ya ishe ku. Ki auna falon da kwanar benen ki turo min a nan, in sha Allahu zan gaya miki girman da zai shiga.