Tambaya da Amsa: Wai me ya haɗa 'yan mazan jiya faɗa da junansu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a warware min wani abu. Kullum in na kunna rediyo sai inji ana cewa masu ra'ayin mazan jiya, masu ra'ayin riƙau, 'yan ɓangaren dama, ni duk na ɗauka jirgi ɗaya ya kwaso su, amma sai gashi 'yan jam'iyyar Trump suna ta caccakar junansu, a Ingila ma wai jam'iyyar Reform ce ke kwashe wa Kwanzabatib magoya baya alhali duk ɓangare ɗaya suke. Me ya raba su ne, kuma ina tafiyar ta dosa? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai dama can ba jirgi ɗaya ba ne, haɗin gambiza ne, tsoron abokin gaba ɗaya ne ya ɗaure su. Ka ɗauki Amurka zamanin Shugaba Ronald Reagan, daga 1981 zuwa 1989, gida uku ne suka zauna a inuwar jam'iyyar Rifablikan. Akwai 'yan kasuwa da ke son a rage haraji gwamnati ta tsame hannunta daga harkar ciniki, akwai 'yan coci da damuwarsu zubar da ciki da tarbiyyar iyali, sai kuma masu son Amurka ta zuba kuɗi a soja ta zama ita ce mai faɗa a ji a duniya. To meye haɗin attajirin banki da fasto na ƙauye? Babu, sai dai dukansu sun tsani kwaminisanci. Firaminista Margaret Thatcher ma a Birtaniya daga 1979 zuwa 1990 kusan wannan hanyar ta bi. Da Tarayyar Sobiyet ta ruguje a 1991 igiyar ta fara saki, sai aka koma zaman 'yan marina kowa da inda ya sa gaba.

Amma abin da ya fasa ƙwan sosai talakan da ke jefa musu ƙuri'a ne. An ce masa buɗe kasuwa alheri ne, akayi yarjejeniyar ciniki da Kanada da Meziko a 1994, Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001, shi kuwa abin da ya gani da idonsa masana'antar garinsu an sa mata kwaɗo an kwashe injina. Aka tura 'ya'yansa yaƙin Iraƙi a 2003 kan makaman ƙare dangi da har yau ba a gansu ba, sannan tattalin arziƙi ya durƙushe a 2008 gwamnati ta ceto bankuna shi kuma gidansa ya tafi a bashi. Mutumin da ya sha wannan ka zo kana masa wa'azin rage wa kamfanoni haraji? Trump ya gane haka a 2016, ya fito yana zagin yaƙin Iraƙi a gaban 'yan jam'iyyar da shugabanta ya kai yaƙin, kuma duk da haka ya ci zaɓen fidda gwani.

Shi yasa yanzu in ka saurara da kyau zakaji rigimar gaba ɗaya akan tambaya guda take: wai me muke riƙon? Tsofaffin hannu sunce kasuwa da tsarin mulki da ƙawancen ƙasashen Yamma. Sababbin sunce a'a, ƙasa da iyakarta da ma'aikacinta. Kuma bambancin ba ƙarami bane fa. Reagan da hannunsa ya sa hannu a dokar 1986 da ta bai wa baƙin haure kusan miliyan 3 takardun zama, yau ɗan Rifablikan ya furta haka a zaɓen fidda gwani sai dai wani ba shi ba. Jam'iyyar da aka sani da ciniki ba shinge ita ce a watan Afrilun 2025 shugabanta ya lafta wa kusan duk duniya harajin shigo da kaya. Lokacin da majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'a kan tallafin Yukren na kusan dala biliyan 61 a Afrilun 2024, 'yan Rifablikan 101 suka amince, 112 suka ƙi, wato gida ya rabe kusan gida biyu daidai akan ko a taka wa Rasha burki. Kafin nan ma ai an ga alama, Kevin McCarthy sai da aka yi zagaye 15 kafin ya zama kakakin majalisa a Janairun 2023, watan Oktoba kuma mutum 8 daga jam'iyyarsa suka haɗa kai da 'yan adawa suka tsige shi, abin da ba a taɓa yi wa wani kakaki ba a tarihin ƙasar.

Kuma kar ka ɗauka su sababbin kansu a haɗe yake. Ƙarshen 2024 attajiri Elon Musk da Steve Bannon, tsohon mai ba Trump shawara, suka dinga musayar yawu akan bizar ƙwararrun ma'aikata 'yan ƙasar waje, ɗaya na cewa kamfanoni na buƙatarsu ɗaya na cewa ana ƙwace wa 'yan ƙasa aiki ne da arha, kuma duk su biyun mutanen Trump ne a lokacin.

Na Ingila da ka tambaya kuwa alƙawari ne ya ci su. David Cameron, firaministan Kwanzabatib, ya ce zai rage yawan baƙin da ke ƙaruwa a ƙasar zuwa ƙasa da 100,000 a shekara, aka fice daga Tarayyar Turai bayan ƙuri'ar 2016 duk da sunan za a riƙe iyaka, sai gashi a hannun gwamnatinsu adadin ya haura 900,000 a shekara guda wajen 2023. Ga canjin firaminista kamar canjin riga, biyar cikin shekara 14, Liz Truss ma kwana 49 ta yi. A zaɓen 2019 kujera 365 suka ci, a Yulin 2024 suka dawo 121. Reform ta Nigel Farage kujera 5 kacal ta samu amma ƙuri'unta sun haura miliyan 4, kuma da yawansu daga tukunyar Kwanzabatib aka ɗebo su.

Wanda ya fi bani dariya na Faransa ne. A Yunin 2024 shugaban jam'iyyar mazan jiya ta can, Eric Ciotti, ya tashi shi kaɗai ya ce ya ƙulla ƙawance da jam'iyyar Marine Le Pen mai tsananin ƙin baƙi, manyan jam'iyya suka taso zasu kore shi, bawan Allah sai ya sa aka garƙame hedikwatar, sai a wani wuri suka je suka yi zaman korar, kotu kuma ta dakatar da korar. A Jamus gaba kura ce baya sayaki, jam'iyyar mazan jiya ta CDU ta yi alƙawarin ba ita ba AfD, jam'iyyar masu tsananin ƙin baƙi, amma AfD ta zo ta biyu da kusan kashi 21 a zaɓen Fabrairun 2025, in sun jingina da ita masu sassauci su gudu, in sun ƙi dole su kafa gwamnati da 'yan hagu magoya bayansu su ƙara jin haushi.

Ina aka dosa? Ni a ganina masu kishin ƙasa ne ke da jama'a yanzu, kuma bana jin za a koma irin ta Reagan nan kusa. Sai dai ihu a kan dandamali daban mulki daban, Giorgia Meloni, mai kishin ƙasa da ta zama firaministar Italiya a 2022, an zaci zata yi fito-na-fito da Tarayyar Turai, sai gata tana tafiya da su tana kuma mara wa Yukren baya. A Amurka kuwa tsarin mulki ya hana a zaɓi mutum shugaban ƙasa fiye da sau biyu, kenan a 2028 ne za a gane ko aƙida ce ta tara mutanen nan ko kuwa mutum ɗaya ne.

TAMBAYA: Malam ni abin da ke ɗaure min kai, ance sune masu kare addini da aure, to ya akayi kuma sune kan gaba wajen takura wa musulmi? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Malama kin taɓo inda ke musu ƙaiƙayi. Da yawan sababbin 'yan dama na Turai ba masu zuwa coci bane, addini a wurinsu tambarin asali ne, wato mu ne 'yan ƙasa su baƙi ne. Le Pen da ta yi kamfe a 2022 da batun hana sa hijabi a bainar jama'a, ita ce dai a Maris 2024 ta kaɗa ƙuri'ar amincewa a saka 'yancin zubar da ciki a kundin tsarin mulkin Faransa. Kinga ba ruwan wannan da kare addini.

Amurka ta ɗan bambanta don can 'yan coci na da ƙarfi, sunyi kusan shekara 50 suna fafutuka har kotun ƙoli ta soke hukuncin 1973 da ya ba da 'yancin zubar da ciki a Yunin 2022. Amma daga nan sai jihohi irin Kansas da Ohio, da suke zaɓen Rifablikan, suka kaɗa ƙuri'a suka kare 'yancin zubar da cikin, Trump ma ya zame ya ce a bar wa jihohi. Kuma shi ɗin da ya hana 'yan ƙasashe 7 masu rinjayen musulmi shiga Amurka a 2017, shi ya zo na ɗaya a birnin Dearborn na jihar Michigan a 2024, inda Larabawa da musulmi suka fi yawa, galibi don haushin yadda gwamnatin Biden ta tafiyar da yaƙin Gaza.