Tambaya da Amsa: Yaya Ake Rarrabe Katantanwar Ƙasan Teku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a fannin ilimin halittu. Na ga hotunan katantanwar da aka ciro daga zurfin teku, kusan duk farare ne, kamarsu ɗaya. Da me masana ke raba su gida-gida, kuma a ko'ina ake samunsu a ƙasan teku?

Amsa: Wa alaikumus salam. Idonka ya gaya maka gaskiya, sai dai kada ka dogara da kwanso, don kama da wane ba ta wane. Gida biyu da ba su haɗa komai ba kan yi kwanso iri ɗaya saboda zama a muhalli iri ɗaya. Tsarin rarrabewar da aka fi bi yau shi ne na masana Bouchet da Rocroi na 2005, wanda aka sabunta a 2017, kuma abu uku ake dubawa kafin a saka katantanwa a wani gida.

Na farko harshenta. Harshen katantanwa kamar magagari yake, jere da ƙananan haƙora, sai an sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma ake ganinsu. Wasu haƙora bakwai suke da su a kowane layi, wasu layin ya yi cunkus da sirara masu yawa don kankarar abinci. 'Yan gidan Conoidea kuwa, mafarauta ne masu dafi, kuma suna cikin waɗanda suka fi yawan iri a zurfi.

Na biyu ɗan tsinin da ke can ƙololuwar kwanso, wato kwanson da ta yi tun tana jinjira. Idan zagayensa ya kai uku ko fiye, galibi jinjirar ta daɗe tana yawo cikin ruwa tana ci, don haka irinta kan bazu nesa. Idan zagaye ɗaya ne ko ɗaya da rabi mai kauri, da guzurin ƙwai ta rayu. Matsalar ita ce wannan tsini shi ne farkon abin da ruwan zurfi ke cinyewa, sau da yawa sai ka tarar ya gutsure.

Na uku gwajin DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, musamman sashensa da ake kira COI. Dubi Alviniconcha, wata katantanwa mai gashi-gashi da ke zaune a bakin maɓuɓɓugan ruwan zafi na yammacin Tekun Fasifik da Tekun Indiya. An daɗe ana yi mata kallon iri ɗaya, sai gwaji ya nuna iri-iri ne da ido ba ya bambancewa.

Batun inda suke zaune kuma, abinci da sinadarin alli ne ke yanke hukunci. Daga mita 200 ake fara lissafin zurfin teku, kuma kowace mita 10 tana ƙara nauyin ruwa daidai da nauyin iskar da ke kanmu. A yammacin arewacin Atlantika an lura cewa ire-irensu sun fi yawa a tsaka-tsakin zurfi, wajen mita 2,000 zuwa 3,000, daga nan sai su riƙa raguwa saboda abincin da ke gangarowa daga sama ya ƙaranta. Idan aka kai wajen mita 4,000 zuwa 5,000, ruwa kan narkar da allin da ake gina kwanso da shi, shi ya sa na can ƙasa kwansonsu siriri ne, fatar da ke lulluɓe da shi ce garkuwarsa.

Wasu kuma sun ƙware a abu ɗaya tak. Akwai masu zama kan itacen da ya nutse, akwai na ƙashin kifin wale da ya mutu. Tun da aka gano maɓuɓɓugan zafi kusa da tsibiran Galafagos a 1977, an sami sababbin gidaje da dama. Wadda ta fi ba da mamaki ita ce Chrysomallon squamiferum, da aka gani a 2001 a maɓuɓɓugar Kairei ta Tekun Indiya, a zurfin da ya haura mita 2,400. Ƙafarta lulluɓe take da ɓawo-ɓawo masu sinadarin ƙarfe da kibiritu, kuma bakteriyar da ke cikin wata jaka a maƙogwaronta ce ke ciyar da ita. Sai 2015 aka raɗa mata suna a hukumance, a 2019 kuma aka sa ta cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa saboda shirin haƙar ma'adinai a ƙasan teku.

Tambaya: An ba mu samfurin katantanwa a cikin fomalin, ruwan sinadarin da ake adana matattun halittu a ciki, gwajin DNA ya ƙi yi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Fomalin ɗin ne. Yana lalata DNA, idan kuma ya yi tsami har kwanson yake ci. Itanol, wato barasar ɗakin gwaji, mai ƙarfin kashi 95 cikin ɗari ake so. Ko shi ma akwai tarko: katantanwa kan shige ciki ta ja murfinta, itanol ya tsaya a waje, naman ya ruɓe a ciki. Sai a ɗauki hoton kwanson tukuna, a fasa shi kaɗan ko a yanki ƙafar tun tana ɗanya, a canza itanol ɗin bayan kwana ɗaya domin ruwan jikinta ya riga ya tsinka shi. Takardar da ke nuna wuri da zurfi kuma da fensir ake rubuta ta, tawadar biro wankewa take yi.