Tsinken ɗaukar dami: na kamfani ko na mai walda?

Wani Alhaji mai turkar shanu a Argungu ya rubuto cewa bana ya sa an naɗe masa ciyawar shinkafa da inji, manyan dammuna masu siffar ganga, kuma yana da tarakta Massey Ferguson 375 mai hannun lodi a gaba. Mai walda ya ce zai ƙera masa tsinken soke dami da rodi a kuɗi kaɗan, shi ne yake tambaya ko ya yarda.

Alhaji, kada ka yarda. Firam ɗin da tsinken ke zama a kai, mai walda nagari zai iya haɗa shi, amma shi tsinken kansa ba aikin bakin titi ba ne. Na gaske ƙarfe ne da aka buga aka kuma gasa a masana'anta, shi ya sa yake ɗan rusunawa idan ya ji nauyi sannan ya koma daidai, alhali rodi idan ya lanƙwashe shi ke nan. Ba a ma yi wa na kamfani walda, domin zafinta yana kashe ƙwarin ƙarfe a gindi, inda duk nauyin yake taruwa. Gindin nasa yana shiga wani kwaroro ne a ɗaure da noti ta baya, ranar da ya lalace a kwance a sa wani.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum ya zuba miliyoyi a kan tarakta, sannan ya tsaya neman araha a kan ƙarfen da zai riƙe kaya a gaban direbansa. 'Yan kasuwa kuwa sun san halinmu, sai su shafa wa ƙarfen banza baƙin fenti su ce daga Turai ya zo. Fenti ba shaida ba ne. Ka nemi tambarin kamfani a jikin ƙarfen, ka nemi a nuna maka a rubuce nauyin da yake ɗauka, wanda ya fara rantse-rantse maimakon ya nuna, ka bar masa kayansa. Dami mai faɗin mita 1.2 yakan kai kilo 200 zuwa 300, manya suna wuce rabin tan, wanda ruwa ya daka kuma ya fi haka nauyi, ga gargadar hanyar fadama da ke ƙara wa ƙarfe wahala. Saboda haka ka sayi wanda ƙarfinsa ya zarce damin da nisa. Tsawonsa ya wuce tsakiyar dami sosai amma kada ya ɓullo ta ɗaya gefen, a kuma samu gajerun tsinkaye biyu a ƙasa masu hana dami juyawa. Kafin ka tafi Kano ko Kaduna saye, ka auna maƙalin hannun taraktarka, domin ba kowane firam ke shiga kowane hannu ba.

Wani daga Yauri yana tambaya me zai hana ya ɗauki dami a cikin bokitin tarakta ya huta da kashe kuɗi. Malam, abu mai siffar ganga gangarawa yake yi, kuma idan aka ɗaga bokiti, ta kan hannayen yake gangarowa har kujerar direba. An yi asarar rayuka ta wannan hanya a ƙasashen da suka riga mu amfani da dammunan nan. Ban ga abin tambaya a nan ba.

Wata Hajiya daga Jega ta ce ɗanta ne ke tuƙa taraktar gidansu, kuma hankalinta bai kwanta da wannan aiki ba. Hajiya, damuwarki tana kan hanya, kuma abin yana da magani. Ya riƙa tafiya da dami ƙasa-ƙasa, a hankali, musamman a kwana da gangare, a kuma rataya nauyi a bayan tarakta don kada ƙafafun baya su yi sakayau. Idan ba jera dammuna sama zai yi ba, ku sayi tsinken da ake ɗaurawa a bayan tarakta, ya fi arha, kuma bayan ya fi gaba jure nauyi. Idan ya gama aiki ya sauke tsinin har ƙasa saboda yara da dabbobi.

Mai tambaya a kan ɗanyar ciyawar da aka naɗe da leda kuwa, ba a soke ta, domin iska na shiga ta ruɓe. Wannan aikin wani hannun tarakta ne mai rungumar dami.