Me ya sa na'urar awon fili ke rikicewa bayan Isha'i?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Aikin awon filaye nake yi a Gombe. Da rana na'urarmu ta GPS lafiya lau take aiki, amma wasu ranakun idan muka bar ta a kafe ta kai dare, daga bayan Isha'i sai ta riƙa sakin taurarin ɗan'adam tana sake kamawa, alhali gari garau, ba hadari ba ƙura. Lalacewa ta yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka yi gaggawar kai ta wurin mai gyara, Malam. Ina kyautata zaton ƙalau take, daga sama abin yake zuwa.

Daga wajen kilomita 60 zuwa 1,000 bisa kanmu akwai sashen iska da ake kira ayonosfiya. Hasken rana yakan ɓalle ilektoron daga ƙwayoyin iskar wurin, ta zama filasma, wato iska mai ɗauke da cajin lantarki. Saƙon GPS kuwa daga nisan kilomita 20,200 yake tasowa, kuma tilas ya keta wannan sashe kafin ya sauka a kan na'urarka.

Da rana ta faɗi, filasmar da ke ƙasa-ƙasa takan ɓace da wuri, ta sama kuwa, wajen kilomita 300, tana nan jibge. A daidai lokacin kuma wani ƙarfin lantarki yakan cira ta sama. Ka ga mai nauyi ya hau kan marar nauyi ke nan. Zuba man gyaɗa da ruwa a kwalba, ka bari su natsu, sannan ka kife ta farat ɗaya. Ruwan zai zubo kamar yatsu, man ya kutsa sama gululu-gululu. Wannan rashin zaman lafiya shi ake kira da sunan Rayleigh da Taylor, masana biyu 'yan Ingila da suka bayyana shi a 1883 da 1950. Abin ba ya buƙatar babban dalili. Ɗan kaɗawar iska da wani hadari mai nisa ya tura sama ya isa ya lanƙwasa ƙasan filasmar kamar igiyar ruwa, lanƙwasar ta yi ta girma har ta tsage, kumfa mai ƙarancin filasma ya harba sama, wani lokaci ya wuce kilomita 1,000. Kumfan sukan jeru, suna gangarawa gabas da gudun kusan mita 100 a daƙiƙa ɗaya.

Ka tuna yadda mota mai zuwa daga nesa ke rawa a idonka a kan kwaltar Gombe zuwa Bauchi cikin zafin Maris? Haka saƙon tauraro ke rawa idan ya ratsa gefen kumfan nan, har na'ura ta sake shi.

Tun 1938 masana Booker da Wells suka ga alamar wannan abu a Huancayo ta ƙasar Peru, sai a 1976 Woodman da La Hoz suka nuna siffar kumfan da radar tashar Jicamarca, ita ma a Peru. Dalilin da ya sa ya shafe mu kuwa shi ne, abin yana tasowa ne a inda layukan maganaɗisun duniya suke kwance, kuma wannan ɗamara ta ratsa Arewacin Najeriya, dab da Bauchi da Gombe. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya: abu yana faruwa a saman rufinmu, amma na'urorin lura da shi a Afirka kaɗan ne. Akwai Cibiyar Binciken Sararin Samaniya ta NASRDA, hukumar harkokin sararin samaniya ta Najeriya, a Anyigba ta Jihar Kogi, amma ina ganin jami'o'inmu na Arewa maso Gabas sun cancanci nasu.

Ya fi tsanani a Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, musamman a shekarun da rana ke kan ganiyar zagayenta na shekara 11, kamar 2024. Don haka aikin da ke buƙatar daidaito sosai, ka yi shi da safe ko ka gama kafin Magariba. Idan dare ya zama dole, buɗe wa na'urar sauran rukunan taurari, wato Galileo da GLONASS da BeiDou, tare da GPS, kuma ka riƙa rubuta rana da lokacin da ta rikice. Idan ka ga tana yi har da tsakar rana, to a nan ne za ka nemi mai gyara.